Mai Tayar da Injin Surfani

"Ku matsa, ku ba shi iska," in ji Anti mai ɗinki, tana korar 'yan shagonta daga gaban kwamfuta.

Maigidanta ya zauna, ya goge tabarau, ya yi gyaran murya kamar mai shirin yanke hukunci. Da yatsa ɗaya ya buga layin nan nasa a baƙin allo, sai injin surfani ya yi ƙara ya farka. Tun da ya yi ritaya daga gidan waya wannan ne aikinsa a duniya, har unguwa ta laƙaba masa Injiniya.

Abin kuwa ba wani abu ba ne. Kwamfutar ba ta gane injin sai an ɗora wa kanel, wato zuciyarta, wata 'yar manhaja da ake kira direba. Da an kashe ta ko an ɗauke wuta, sai ta manta. Ƙanwar Anti, wadda ta haɗa kayan, ita ta koya masa layin umarnin da ke ɗora direban, shi kuma ya riƙe shi kamar gadon ubansa.

Matsalar ita ce Injiniya ba ya sauri. Sai ya yi wanka, ya saurari labarai, ya gaisa da duk wanda Allah ya halitta a hanya. In wuta ta ɗauke da rana, sai an aika a taso shi daga barci. Masu kaya tun suna haƙuri har suka fara ƙorafi.

Ranar da wata ta kwashe yadinta ta fice, Anti ta kira ƙanwarta.

"Haba Yaya, ai tuntuni na so in gyara," in ji ƙanwar. "Sunan direban kawai zan rubuta a inda kwamfuta ke dubawa in ta tashi. Da kanta za ta ɗora shi."

"To shi fa? In ya zo ya buga nasa?"

"Ba za ta ce masa uffan ba. In ta ga an riga an ɗora, shiru take yi."

"Ashe tana da tarbiyya. Rubuta, amma bakinki alaikum."

Daga nan aka shiga wasan kwaikwayo. Da sassafe injin ya yi ta aiki, da an hango hular Injiniya a bakin titi sai a dakatar da shi, kowa ya yi jugum. Ya shigo, a matsa masa, ya buga layinsa, Anti ta danna maɓalli ta bayan yadi, injin ya tashi. Abin yana ba ta dariya, yana kuma damunta, don ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Amma ta ga yadda ya zauna a gida bayan ritaya, kamar tsohon buhu, kuma ba ta son ta sake gani.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata safiya Injiniya ya ɓullo ta ƙofar baya, ya tarar da injin yana zuba fure a wuyan riga, babu wanda ya tashe shi. Anti ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ya dubi injin, ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani ko?" ya ce da ƙarfi. "Horo ke nan. Yanzu kwamfutar nan ko takuna ta ji, tashi take yi."

"Wallahi Baba, hannunka daban ne!" 'yan shago suka ɗauka, har da mai tafi.

Ya karɓi yabon da gyaɗa kai. Da hayaniya ta lafa, ya matso kusa da matarsa, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Maman yara, gobe in zo?"

Ta ture tarin yadin da ke kan kujerar gefenta.

"In ba ka zo ba, da wa zan yi faɗa? Zauna ka riƙe min bakin wannan."