Delmer Ya Zaɓi Mai Dogon Baki

Tun da aka harbe mijinta a gidan mai, Shawna ba ta sake taka cocin garinsu ba, gidan mahaifinta ma sai da dalili. Mahaifin nata, Delmer Tackett, ya yi lallashi har ya gaji ya zuba wa sarautar Allah ido. Kwatsam sai ga ta a waya, ta ce za ta zo ranar Lahadi tare da 'yarta Opal.

"Amma Baba, abu ɗaya. Kada mu ga bindiga. Yarinyar nan har yau firgita take yi."

"Ba za ku gani ba," in ji Delmer, bakinsa har kunne.

Abin da bai faɗa mata ba, Fasto ya sa shi cikin dattawan da ke tsaron coci, kowa da ƙaramar bindigarsa a ɓoye cikin riga, kuma Lahadin nan ce ranarsa ta farko. Shi kuwa ta farauta kawai gare shi. Don haka ya nufi kantin bindigogi, ya kuma yi wautar tafiya da Orval, ƙanin marigayiya matarsa, mutumin da bakinsa bai san hutu ba.

Mai kanti ya jera musu guda biyu, irin masu juya harsashi, ɗaya bakinta inci biyu, ɗaya inci shida. Delmer ya ɗauki gajerar ya sa a aljihu, ta ɓace kamar makullin mota. Ya san ita ce daidai da shi. Har ya buɗe baki zai ce a naɗe masa, sai Orval ya tuntsire da dariya.

"Wannan ai ta jakar mata ce, maigida. Mu sayo maka janbaki a haɗa. Da wannan ko ƙofar rumbu ka auna, sai dai ka sami kazar maƙwabci."

"Ɓoyewa ake so, kai dai ba ka da hankali."

"To ɓoye mana. Ni dai tawa inci shida ce, ban taɓa jin nauyinta ba. Amma ka san kowa da ƙugunsa."

Dattijo mai jika, furfura ta gama cinye kansa, amma maganar ƙugu ta ishe shi canza shawara. Ya fito daga kantin da mai dogon baki da kubenta. Ranar Asabar ya so ya kira Fasto ya ce a ɗaga masa wannan makon, sai ya hango fuskar Orval a ransa yana masa dariya, ya ajiye wayar.

Da safe ya ɗaura kuben a ɗamara, ya saki rigarsa a kai, ya tsaya gaban madubi ya juya hagu ya juya dama. Babu abin da ya nuna. Hannuwansa dai suna ƙasa, kuma bai tuna cewa a cocinsu babu mai waƙar yabo hannu a ƙasa ba.

Shawna ta zo. Ta zauna a bencinsu na da, Opal a tsakaninsu da farar riga, ta riƙe yatsan kakanta. Da aka tashi aka ɗauki waƙar da matarsa ta fi so, ya ji muryar Shawna tana bi a hankali, sai hawaye suka zubo masa. Ya manta da tsaro, ya manta da komai, ya ɗaga hannuwansa biyu sama kamar kowa. Rigar ta bi su.

Kan Opal daidai ƙugunsa yake. Ba ta yi kuka ba. Ta dai sulale ƙarƙashin benci, ta toshe kunnuwanta. Shawna ta dubi yarinyar, ta dubi baƙin ƙarfen da ya leƙo daga bakin kube, ta sunkuya ta ɗauke ta suka fita. Delmer ya bi su yana jan riga ƙasa, ga mutane suna kallo, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya same ta ta riga ta sa Opal a kujerar baya.

"Shawna, tsaya ki ji. Aikin coci ne. Akwai wata gajera, da ita na saya da ba..."

"Baba, kana jin abin da kake faɗa kuwa?" Muryarta ko tashi ba ta yi ba. "Da ka ce mini kana tsaro, sai mu zo wata ranar, ba zan ji haushi ba. Amma ka bar ni na durƙusa a gabanta da safen nan, na ce mata wurin Kaka babu abin tsoro."

Ya zagaya wajen tagar yarinyar, ya sunkuya, ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa.

"Opal, ni ne fa. Kakanki ne."

Ta ɗago ta dube shi, ba a fuska ba, a ƙugu. Sannan ta miƙa hannu ta danna makullin ƙofar.