Ajamin Gefen Shafi

"Littafin naka? Ai yana unguwar Château Rouge, nan babban birni, shagon kitson Tanti Rakiya," in ji Hawwa a waya, tana cin wani abu mai ƙaras-ƙaras.

Moutari ya miƙe zumbur a ɗakinsa na Rillieux-la-Pape, a gefen birnin Lyon. Wata guda ke nan da ya aika mata tarin gajerun labaran wata marubuciya 'yar Kanada mai asalin Japan, fassarar Faransanci, ya ce lallai ta karanta. Amma da yake bakinsa ba ya buɗuwa gaban Hawwa, sai ya bi gefen shafuka da ajami yana zuba abin da ke ransa, bisa tunanin a duk Faransa ita kaɗai za ta gane, tunda allo ɗaya suka wanke a Damagaram.

Hawwa ta ce ita ajami ya gudu daga kanta tuntuni. Labaran dai sun sa ta kuka, musamman na tsohuwar da ke yi wa jikoki Japananci suna amsa mata da Turanci, shi ya sa ta kai wa gwaggonta Rakiya da matan shagon su ma su ɗanɗana.

Asabar da hantsi ya sauka babban birni daga jirgin ƙasan Lyon, ya kama metoro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. A shagon kitson ya tarar da mata shida, Hajiya Rakiya a tsakiya da tabarau, littafin a cinyarta. Hajiya ba ta karanta Faransanci, amma ajami kamar ruwa. Bayan doguwar gaisuwa ta shaida masa kwana goma ke nan tana tallar littafin ga duk wadda ta kawo kai, har mata biyu sun saya, sun dawo suna ƙorafin nasu ba shi da gefe.

"Wannan Bajafaniya akwai hannu," ta ce, ba ko murmushi. "Ji nan: idan na tuna dariyarki sai in manta tukunya a kan wuta. Ashe a Kanada ma shinkafa na ƙonewa, ɗana?"

Matan suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Can ƙuryar shago ya hango Hawwa, rabin kai a tsefe, leɓunanta na bin jimlar kafin Hajiya ta kai ƙarshe. Ashe ajamin bai je ko'ina ba.

Hajiya ta buɗe shafin ƙarshe, ta ce marubuciyar ta tsaya a kan tambaya, kuma a gidansu ba a amsa tambayar da ba a san mai ita ba. Ko a rubuta takarda zuwa Kanada?

Moutari ya durƙusa tsakanin tarin gashin doki.

"Hajiya, a bar Kanada ta huta. Rubutuna ne, kuma ranar Juma'a zan turo kawuna daga Stains, nan bayan gari, neman auren Hawwa."