Taku Arba'in Daga Igiya

Maharazu yana cikin laka har ƙwauri, yana taka ta, amma hankalinsa na kan igiyar da aka ja da safe. Daga turken ƙarshe zuwa gindin aduwa, inda ya binne matarsa Suwaibatu bara, taku arba'in ne. Sau uku ya ƙirga. Katangar da ake zagaye makabartar garin da ita za ta bar ta a waje.

Shanun da fatake ke korawa kudu su suka sa aka kira gayya. Sun tattake kaburbura har sun baje, ba a gane na wane da na wane. An kai kuka ofis sau biyu ana neman siminti. Kullum rediyo na cewa ƙasa ta yi arzikin mai, jiragen ruwa cike da siminti sun yi layi a Ikko, amma ko buhu ɗaya bai ratso ta hanyar Sheme ya shigo ƙauyen nan ba. Samari sun tafi leburanci Kaduna. Mutum goma sha tara suka fito, rabinsu da furfura, kowa na cewa haka Allah ya so.

Alhaji Gide, mai sayen auduga, shi ya kawo fura da goro, don haka shi ya nuna inda igiya za ta tsaya. Da ya zo wucewa Maharazu ya rusuna.

"Alhaji, a ƙara igiyar nan ta kai aduwa."

"Da waɗanne hannuwa? Dubi mutanenka. Nan da kwana goma ruwa ya sauka. Wanda ya rasu ya riga ya tafi, katanga ba ta ƙara mashi komi."

"To mi ya sa muke yin ta?"

Alhaji ya kaɗa riga ya wuce. Mani, mai kawo ƙasa a kan jaki, ya juye mangala yana magana ƙasa-ƙasa: "Da ka tambaye shi mi ya sa igiyar ta yi kwana ta zagayo kabarin babanshi." Aka yi dariya, kowa ya koma aikinsa.

A kan katanga, Baba Nata'ala magini yana cafe tubalin da ake jefa masa, yana dasa shi cikin laka. Tubalin tun wancan mako ya bushe. Lakar ɗaurawa ce ake kwaɓawa yau, nan yamma da makabartar, kusa da rijiya.

Bayan azahar wani abu ya yanki tafin ƙafar Maharazu. Ya sa hannu ya zaro. Guntun wuyan randa ne. Ya murje lakar da babban yatsa, sai ga layi uku na shuɗin fenti. Suwaibatu ce ta shafa su da kanta. Ranar da naƙuda ta kashe ta a bakin titi, suna jiran motar Funtuwa, itacen rufe kabari bai isa ba, sai aka fasa randarta aka rufe kabarin da ita.

"Mani! Ina kuke haƙo ƙasar nan?"

"Ramin farko mun tarar da marmara. Alhaji ya ce mu matsa gabas, waje da igiya, tunda can ba makabarta ba ce."

Maharazu ya ruga, jini na bin sawunsa. Ramin ya ci gefen kabarin. Ga sauran randar a fili, ga bakin likkafani da ya rine ya koma kalar ƙasa. Masu haƙa suka zubar da diga suna salati.

Alhaji ya iso yana haki. "Subhanallahi. Tsautsayi ne. A mai da ƙasa, a yi mata fatiha, a koma aiki. Kada maganar ga ta fita."

"Wace ƙasa za a mayar, Alhaji?" in ji Maharazu. "Rabinta tana cikin katangarka."

Baba Nata'ala ya sauko a hankali, ya tsaya gaban layin da ya ɗora tun hantsi. Lakar ba ta sha iska ba. Ya dafa da hannu biyu ya tura, layin ya zube.

"Baba! Aikin yini guda!" in ji Alhaji.

"Ni na gina," in ji tsohon. Ya je ya tumɓuke turken ƙarshe ya miƙa wa Maharazu. "Je ka kafa bayan aduwa."

Alhaji ya ce to a nemi mai kawo fura gobe, ya nufi motarsa. Mutane suka bi shi da ɗai-ɗai, kai a sunkuye. Mani ya tsaya riƙe da jakinsa, bai tafi ba, bai matso ba.

Baba Nata'ala ya ja igiyar, ba ta kai ba. Ya kwance rawaninsa ya ƙulla. Ya dubi gabas, inda gajimare ya fara haɗuwa.

"Mu biyu ba za mu gama kafin ruwa ba, ka sani ko?"

"Na sani, Baba."

Maharazu ya ɗaure ƙafarsa da tsumma, ya ɗauki kwando, ya fara kwashe lakar yana mayarwa gabas.