Gayaunar Yaya Suwaiba

Bakin caji kaɗai ta ce in gyara. Sau biyu ta faɗa, kuma na ji ta sarai, don haka ba ni da bakin cewa ban sani ba.

Sunana Abdulgafar, gyaran waya nake yi a wata 'yar rumfa a bakin kasuwar Ƙanƙara. Shekara tara ke nan ina wannan sana'a, kuma in za a faɗi gaskiya, ina ji da kaina. Wadda ta kawo wayar yayata ce, Suwaibatu, uwa ɗaya uba ɗaya. Wayar kuwa ta mijinta ce, Malam Harisu, wanda Allah ya yi wa rasuwa wata biyar kafin wannan rana.

"Gafaru, caji ne ba ya shiga sai an danne," in ji ta. "Shi kaɗai za ka taɓa mani. Kak ka buɗe komi, kak ka goge komi."

"Haba Yaya, yau na fara?"

"Na san ka da karambani tun kana rarrafe, shi ya sa nika faɗi."

Na san abin da take tsoro. Da can a wani ƙauye kusa da Damari suke zaune, cikin ƙasar Sabuwa, inda Malam Harisu yake noma gonar gado. Da 'yan bindiga suka hana zaman wajen, suka kwaso 'ya'yansu suka dawo Ƙanƙara, gidan baffanmu. Mutumin da ya saba rana ta fito masa a gona sai ga shi zaune a ƙofar gida daga safe har la'asar, ya rame, ya daina magana. Ana nan wani abokinsa mai sayar da iri a kasuwar 'Yankara, Salahuddeen, ya tura masa wani wasan noma a waya. Mun yi masa dariya har da riƙe ciki, magidanci da furfura a gemu yana wasan yara. Bai kula mu ba. Shekara biyu ya yi yana gina gonarsu a ciki: tsamiyar kan iyaka, rijiya, rumbu uku, har shanun da aka kore musu ya mayar, kowace da sunanta. Bayan rasuwarsa Yaya ta gaji aikin. Kullum da safe, in ta sallami yara makaranta, sai ta zauna a kan tabarma ta yi ban-ruwa, ta ba shanu harawa, sannan ta shiga hidimar gida.

Minti ashirin bai cika ba na canza bakin cajin. Da na tsaya nan, da ba ni da labarin da zan bayar.

Mu masu gyaran waya muna da wata al'ada. Kamar yadda mai tumatir yake ƙara maka biyu bayan ya auna, mu ma ba ma mayar da waya haka nan. Sai mun goge gilashi, mun share tarkace, mun haɗa ta da intanet ɗin rumfa mun sabunta duk abin da ya tsufa a ciki, don mai ita ya ji ta yi sauƙi ya ce wane ya iya aiki. Ina yi wa baƙo wanda ban sani ba, ina ga yayata? Ina haɗa wayar, wasan noman ya nuna akwai sabon zubi, wato sabon samfurinsa. Wani dogon rubutun Turanci ya fito da jan launi. Irinsa nakan gani sau hamsin a rana, yatsana ya riga idona. Na danna na yarda, na juya ina sauraron mai shayi yana ba da labarin ƙwallo.

Da ya gama sai na buɗe wasan, wai in ga yadda ya ƙara kyau. Ya ƙara kyau kuwa. Ciyawa har kaɗawa take yi. Amma fili ne fetal, babu tsamiya, babu rumbu, babu ko akuya. A ƙasa an rubuta cewa tsohuwar ajiya, wato gonar da aka adana, ba ta buɗuwa a wannan zubin, a fara sabuwar gona.

Na rufe, na sake buɗewa. Na kashe wayar, na kunna. Sai a lokacin na nemo jan rubutun nan na karanta shi daga farko har ƙarshe, kamar mai karanta takardar asibiti. Ashe wasan bai ma kammala ba. Masu shi sun sake shi ne tun yana ɗanye, mutane suna yi su kuma suna ta ƙari da ragi. A wannan karon sun canza taswirar ƙasar gaba ɗaya, kuma sun faɗa ɓaro-ɓaro: duk mai son tsohuwar gonarsa kada ya sabunta, ko kuwa ya kwafe ajiyarsa tukuna. Kwafewar nan aikin minti ɗaya ce a wurina.

Da la'asar Yaya ta aiko a karɓa. Na ce irin bakin cajinta babu shi a gari, sai an kawo daga Funtuwa. Ƙaryar farko ke nan, kuma ta fito mini sumul, abin da ya ƙara ba ni kunya.

Ranar kasuwar 'Yankara na rufe rumfa na hau mota. Dabarata ita ce in samo tsohon zubin wasan, tunda a wajenmu hannu da hannu ake tura irin waɗannan abubuwa, waya zuwa waya. Na iske Salahuddeen a bayan buhunan irin masara, na gaishe shi, na yi masa bayani ina sunkuyar da kai.

"Tsohon shina nan wurina," ya ce. "Ai marigayi ya hana ni sabuntawa. Wani malamin makaranta ya kai ma rubutun ya karanta mashi, ya dawo ya ce mani, Salahu, in ka ga jan rubutu kak ka taɓa, gona tahiya za ta yi." Ya dube ni da kyau. "Kai da ka yi boko, mi ya hana ka karantawa?"

Malam Harisu da ko aji uku bai gama ba ya ɗauki wayarsa ya je ya nemi mai karanta masa. Ni mai takardar sakandare, mai allo a saman rumfa da aka rubuta ƙwararre, ban iya tsayawa na minti ɗaya ba.

Na dawo da tsohon zubin. Na kwafe fayil ɗin ajiyar gefe, na cire sabon wasan, na saka tsohon, na mayar da fayil ɗin wurinsa, ina bismilla a kowane mataki. Ya ƙi. Ashe lokacin da na buɗe sabon don in ga kyau, ya yi ƙoƙarin juya ajiyar zuwa irin tasa, ya kasa, ya bar ta a dagule. Sabo ba ya karɓarta, tsoho bai gane ta ba. Na rubuta wa masu wasan da ɗan Turancina, na ce gonar mamaci ce. Bayan kwana uku suka amsa da ladabi, suka yi ta'aziyya, suka ce babu abin da za su iya.

Nan ne shaiɗan ya ba ni shawara ta biyu, na kuma karɓa hannu bibbiyu. Na ce ai na san gonar nan ta gaske. Kowace kaka nakan je in taya su girbi kafin a tashe su. Me zai hana in sake gina ta a tsohon zubin? Kwana shida na yi ina wannan aiki, masu kawo gyara suna tsaye ina ce musu su dawo gobe. Na dinga tura kwanan watan wayar gaba don itatuwa su girma. Na kafa tsamiya a kan iyaka, na haƙa rijiya a gabas, na jera rumbu uku. Sunayen shanu na tambayi 'yarta Asma'u da wayo, kamar hira. Gefen fadama, inda ƙasa ta fi kyau, na cika shi da dawa, saboda dawa na sani a wurin tun ina zuwa. Da na gama har wani daɗi na ji, Allah ya yafe mini.

Da safe na kai mata da kaina. Tana zaune a kan tabarmarta, ta karɓa da hannu biyu.

"Kwana goma sha ɗaya, Gafaru. Shanun nan sun sha yunwa."

Ta buɗe. Na tsaya a bakin ƙofa ina wasa da makullin babur. Ta ja yatsa ta wuce rumbuna, ta wuce rijiya, har na fara sakin numfashi. Sai ta gangara gefen fadama. Yatsanta ya tsaya.

"Wa ya shuka dawa nan?"

"Ai dawa ce a wurin, Yaya. Ko da can."

"Can gida dawa ce," ta ce a hankali. "Shekara goma sha huɗu ina roƙon Malam ya yankar mani wurin nan in yi gayauna, in sa kuɓewata da yakuwa. Kullum sai ya ce baɗi. Har muka taso bai ba ni ba." Ta ɗago ta dube ni. "Cikin wanga abu ya ba ni. Ya kira ni ya ce, Suwaiba, ga gayaunarki, ki yi haƙuri ta makara. Ya kewaye ta da shinge. Layin kuɓewa na ƙarshe shi ya shuka da hannunshi, ana jibi za a kai shi asibiti. Ban tsinke ta ba. Kullum ruwa kawai nika ba ta."

Na durƙusa a gabanta. Na faɗa mata komai, jan rubutun, Funtuwar ƙarya, 'Yankara, kwana shidan. Na so ta zage ni. Wallahi na so ta ɗaga murya har maƙwabta su fito, ko na samu abin da zan riƙe. Ba ta yi ba. Ta saurare ni har na gama, tana kallon dawar nan tawa mai kyau, wadda ba ta da aibu ko ɗaya.

"Cajin shina shiga yanzu?" ta tambaya.

"Yana shiga, Yaya."

"To madalla." Ta miƙo mini wayar. "Cire wanga wasa, ka bar mani lambobin mutane."

"Yaya, in kin ba ni kwana biyu zan yanka maki gayaunar, in sa shinge, in shuka..."

"Kai za ka ba ni?"

Na karɓi wayar.

"Cire shi, Gafaru," ta ce, tana naɗe tabarmar. "Ba yau na fara barin gona ba."