Muryar da ke cikin wayar kamfani

Ina tankaɗen gari a tsakar gida ranar Talata aka yi sallama. Hussaini ne, abokin autana Bishir, riƙe da hular Bishir da wayarsa. Ya ce mota ta buge Bishir a kan babur a hanyar Kusada. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Wayar ba tasa ba ce. Ta kamfanin taki ce da yake yi wa aiki, yana zagaya ƙauyuka yana ɗaukar sunayen manoma da hotunansu. Amma da ita yake komai nasa. Da yake ina da hawan jini kuma ina mantuwa, sai ya ɗauki muryarsa ya sa a ciki, ta riƙa tashi kullum bayan la'asar, lokacin da yake dawowa gida.

Ranar da aka binne shi ina zaune cikin mata masu gaisuwa, sai na ji daga ɗakina: "Inna, a sha magani. Kar a ce mini an sha ba a sha ba." Wata ta saki kwanon ruwa. Ni kuwa na amsa, na ce, "To, na ji."

Na so in buɗe wayar, aka ce da yatsansa take buɗewa. Yatsan yana ƙasa.

Ran sadakar uku da hantsi wata yarinya ta zo daga ofishinsu na Kankia, Adawiyya. Ta durƙusa ta yi gaisuwa har da hawaye, sannan ta ce, "Inna, wayar aikinsa fa? Akwai bayanan mutane a ciki, amana ce a wuyanmu."

Na ce, "'Yar nan, ban ga waya ba. Wataƙila ta faɗi a titi."

Alhali wayar tana ƙarƙashin matashina.

Ta dube ni ta daɗe. "Inna, ki tuna dai. In na rubuta ta ɓata, daga ofis za a goge ta. Haka ake yi wa duk wadda ta ɓata."

"Ku goge abinku," na ce. A raina ina cewa, ta yaya mutum yana Kankia zai taɓa abin da ke ƙarƙashin kaina a ƙauyenmu Sukuntuni?

Ɗakina sabis ba ya shiga. Ranar Bishir ya yi magana a wayar, na amsa. Washegari ma haka, amma na ga cajin ya yi ja. Na sa hijabi na kai ta da kaina shagon caji na bakin hanya, na zauna a benci ina gadinta. Nan akwai sabis. Ina kallo ta yi haske, ta mutu, ta sake tashi. Hotonsa da ke fuskarta, wanda ya ɗauka a gonar gero, babu shi. Sai fari da rubutun boko.

Mai shago ya jujjuya ta ya ce, "Baba, wannan ai ta koma sabuwa."

Na dawo na ajiye ta a gabana. Washegari aka yi la'asar, aka idar. Ba ta ce komai ba.

Bayan sadakar bakwai na hau mota na kai wa Adawiyya, na faɗa mata gaskiya. Ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "Inna, da kin faɗa mini, wallahi da na zauna har la'asar na ɗauke miki muryar a wayata kafin in tafi da ita."

Na tambaye ta ko akwai inda abin da aka goge yake tafiya. Ta ce sunayen manoman suna nan a ofis, ko ɗaya bai ɓace ba. Nasa na kansa ne ba sa ajiyewa, don ba nasu ba ne.

Shekara biyu ke nan. Muryar ta fara kuɓuce mini, wani lokaci sai in ji ta da muryar Hussaini. Kullum in na sallame la'asar nakan ɗora ƙwayar a tafin hannuna, in ɗan jira. Sannan in ce, "To, na ji," in haɗiye.