Titin da ya kauce wa zaitun

Duk titunan garin Tigadda a miƙe suke ɗoɗar kamar an ja zare, don Rumawa ba su yarda da kwana ba. Ɗaya ne kawai, wanda ya fita ta ƙofar yamma, ya yi ɗan gwiwa kafin ya wuce. Wannan gwiwar aikin tsohuwa Sidina ce.

Sidina ungozoma ce tun garin bai wuce sansanin tsofaffin sojoji da bukkokinmu na gefen rafi ba. A gabanta aka gina dandali da gidan wanka, aka kawo ruwa ta kan duwatsu. Ba ta da ƙorafi. Ruwan ya hutar da ita zuwa rafi, kuma takan ce ko ba komai Rumawa sun iya gasa gurasa. Tana da ɓaurenta da awakinta uku, tana cin abinta da man zaitun ta yi barci.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi: tsohon zaitun na bakin gidanta. Al'adarmu ce a binne cibiyar jariri a gindin itace mai rai, don duk inda ya je a duniya itacen zai jawo shi gida. Rabin cibiyoyin garin da hannunta ta binne su a nan, har da ta ɗanta Yadar, wanda ya shiga soja shekara goma sha tara da suka wuce, aka tura shi wata ƙasa mai sanyi. Saura shekara shida a sallame shi. Sidina ba ta fargaba, tunda itacen na tsaye.

Wata safiya ta fito ta tarar an shafa wa zaitun jar ƙasa. Can gefe ga wani mutum cikin farin mayafi, ya kafa sandar awo mai igiyoyi huɗu, ya rufe ido ɗaya yana hange. Majalisar gari ce ta ɗauko shi daga birnin Kartaj don ya ja sabon titi zuwa kasuwar hatsi. Sunansa Rogatus.

"Kai mai ido ɗaya," in ji ta, "wa ya yi wa itacena kwalliya?"

"Iya, titi ne zai bi ta nan," ya amsa da harshenmu, amma a karkace. "Jibi za a sare. Za a ba ki dashe goma a madadinsa."

"Dashe goma! In an cire maka kai aka ba ka kabewa goma, ka karɓa?"

Masu riƙe masa igiya suka kwashe da dariya. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya yi mata bayani a tsanake cewa layi ba ya karkata, haka aka yi a Rum, haka za a yi a nan. Sidina ta san mutanen nan in sun ja layi ko dutse ne sai sun fasa shi. Ta tuna cibiyar Yadar da ke gindin itacen.

Amma idon ungozoma ba ya barci. Tana kallonsa yana magana, sai ta lura da kunnensa na hagu, wanda ya lanƙwashe daga sama. Ta matso har sai da ya ja da baya.

"Wa ya koya maka harshenmu?"

"Mahaifiyata. 'Yar nan ce. Ta rasu ina shekara huɗu, mahaifina ya tafi da ni."

"Nabira," in ji Sidina.

Ya saki baki.

"Nabira mai saƙa, matar sojan nan mai gemun akuya. Kai ne Migin! Rogatus ɗin me? Kwana biyu ka wahalar da mu, ka fito ta ƙafa, kana tsala ihu kamar an taka wutsiyar kare. Wannan kunnen ni na yi ta murza shi da mai, ya ƙi miƙewa. Zo nan, ɗan nema."

Ta kama hannun babban ma'aikaci a gaban mutanensa, ta ja shi bayan itacen, ta nuna masa wata saiwa da ta yi doro.

"Cibiyarka tana nan. Uwarka ta ce a sa ta ta gabas, don rana ta riƙa fara gaishe ka. Ta ɗana tana can."

Ya daɗe yana kallon wurin. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Iya, ni ba don itace na zo ba. Majalisa ce ta kira ni."

"Masu awo nawa ne a Kartaj?"

"Da yawa."

"To, ga ka nan."

Ta saki hannunsa. Ta shiga gida ta fito da gurasar sha'ir da busasshen ɓaure, ta ajiye masa a kan saiwar, ta koma wajen awakinta. Ya zauna ya cinye tas, farin mayafin nan duk ya kwashi ƙasa.

Washegari ya sake kafa sandarsa, ya hanga, ya sake hangawa. Sannan ya je ya shaida wa majalisa cewa ƙasar wurin ba za ta riƙe shimfiɗar dutse ba, dole titi ya kauce taku goma sha biyu. Dattawan suka yi gunaguni suka amince. Yawancinsu ma Sidina ce ta karɓi haihuwar 'ya'yansu, sun san abin da ke ƙarƙashin ƙasar.

Titin ya yi gwiwarsa, masu amalanke suna zaginsa har yau. Sidina ta wanke jar ƙasar da hannunta, ta sa aka ɗora mata dutsen zama a inuwar, yana fuskantar ƙofar yamma. Duk wanda ya tambaye ta me take yi a nan kullum, sai ta ce ta riga ta ga itacen ya jawo na Kartaj, saura nata.