Ruwan da Mama Take Tsayarwa

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ko a gida ni ba mai yawan magana ba ce. Amma abin ya ƙi barin raina.

Da Yaya ya rasu, abin da ya bar mana a falo shi ne tankin kifinsa. Akwatin gilashi ne mai tsawon kujerar mutum biyu, cike da ruwan gishiri irin na teku. A ciki akwai duwatsu, da ƙananan kifaye, da murjani. Da can na ɗauka murjani abin wuya ne kawai. Ashe halitta ce mai rai, tana manne da dutse, tana yin rassa kamar ƙaramar bishiya. Akwai wani kore da ya kawo bai fi kan yatsa ba, ya raine shi har ya kai tafin hannu.

Kula da tankin ta dawo hannuna, don ni ce nake riƙe masa bokiti in yana canza ruwa. A jikin gilashin ta ciki akwai ɗan inji mai farfela, yana tura ruwa daga wannan gefe zuwa wancan. Yaya ya ce kada a taɓa shi, ni kuwa ban tambayi dalili ba.

Bayan wasu makonni koren ya fara yin fari daga gindi, wani datti mai kama da ƙura ya kwanta a rassansa. Na ɗauki hotonsa a waya. Da na tashi daga shagon ɗinkin da nake aiki, sai na biya wurin mai sayar da kifin, abokin Yaya.

"Ƙanwata, yau ma da ido za a gaisa? A gida kika bar bakin?" Ya yi dariya, amma da ya ga hoton sai dariyar ta ɗauke. "Ruwan nan tsayawa yake yi. Injin ya lalace?"

"Yana aiki," na ce. "Safe da yamma ina jin ƙararsa."

"To da rana wani yana kashe shi. Kin ga kifi, yana da jela, ya je inda ya ga dama. Murjani kuwa inda aka ajiye shi, nan yake har abada. Ruwa ne yake kawo masa abinci har baki, ruwa ne yake share masa datti. In ruwa ya tsaya, a cikin dattinsa zai shaƙe."

"Zai warke?"

"Inda ya yi fari ya tafi. Saman kam da sauran rai, in an yi sauri."

Mu biyu ne kaɗai a gidan, ni da Mama. Ranar da ta biyo na roƙi maigidan shago ya sallame ni da wuri. Da na tura ƙofa sai na ji falon shiru. Mama tana zaune a ƙasa gaban tankin, filogin injin yana kan cinyarta. Saman ruwan ya kwanta luf, har wani maiƙo ya taru a kansa.

"Au, 'yar nan, lafiya da rana tsaka?" Ta ga inda idona yake, ba ta ɓoye filogin ba. "Hutu nake ba su. Dubi ɗan jan kifin can, sarkin rawar kai. Tun safe yake kokawa da ruwa, yana iyo amma bai gusa ba. Dare da rana haka, ba zama."

Na tsaya da jakata a kafaɗa.

"Haka yayanki ya yi," ta ce. "Na ce ka huta, ya ce sai ƙarshen wata. Na ce ka huta, ya ce Mama ke dai. Har ya faɗi a wurin aiki, a tsakiyar kayan mutane. Shi ban iya tsayar da shi ba. Waɗannan kam waya ce kawai zan zare."

Ban taɓa yi wa Mama gyara ba a rayuwata. Na durƙusa kusa da ita, na ɗora yatsa a gilashin daidai koren. Na faɗa mata abin da mai kifi ya ce, wani wurin har sai da na maimaita.

Ta ƙura wa farin gindin ido.

"Ni na yi wannan?"

"Ba ki sani ba, Mama."

"Ashe mai rai ne. Ni na zaci ado ne." Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙo mini filogin. Na sa shi, ruwa ya motsa, ɗan jan ya koma iyonsa. Mama ta kau da kai. "To shi ɗan kifin fa? Shi ba ɗan kowa ba ne?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, ko abinci ba ta ci ba.

Washegari da safe na wanke hannu har kafaɗa ba sabulu, na zura shi cikin tankin. Na matso da koren gaban injin, inda ruwa ya fi ƙarfi. Sannan na jera manyan duwatsu a can kusurwa, na yi ɗan kogo. Na sa yatsuna a ciki, na gyara, na sake gyarawa, har na ji ruwan wurin ya lafa. Na jira sai da ɗan jan ya leƙa, ya shiga, ya tsaya cak. Sai na je na ƙwanƙwasa wa Mama ƙofa, hannuna yana ɗigar ruwa.